Neman kalmar Hausa: "freeze" da "glitch" a darasin Photoshop

Mai Darasi: Assalamu alaikum. Ina fassara takardar darasi ta masu koyon gyaran hoto, gobe da ƙarfe 10 za a buga. Babin matsalolin Photoshop a laftof ne ya cije mini a kalma biyu, freeze da glitch. Na sa "tsayawa" da "matsala", da na sake karantawa sai na ga ba su faɗi komai ba. A agaza.

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Daskarewa da tangarɗa. An gama.

Injiniya: Ba a gama ba, Malam. Abu uku ne masu koyo ke cakuɗawa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai nawa, wato jinkiri: ka ja burushi, zanen ya biyo baya a makare. Wannan yawanci ƙarancin RAM ne, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita. Photoshop kan ɗauki kashi 70 cikin 100 na wanda ya samu, in ya ƙare sai ya koma aron fili a faifai, abin da ake kira scratch disk. A duba ma'aunin Efficiency a ƙasan hoton, in yana sauka ƙasa da 90, nan ciwon yake. Akwai kuma inda taga ke yin fari-fari, Windows ya rubuta Not Responding, amma linzami na motsi. Na uku shi ne manhaja ta rufe kanta ba sallama. Freeze na biyun ne kawai.

Maman Sadiq: To ai na biyun ƙamewa ce. Daskarewa ta ruwa ce da man shanu, tana tafe da sanyi. Laftof kuwa sau da yawa zafi ke ƙamar da ita: ƙura ta toshe fanka, ko an ɗora ta kan katifa, sai injin ya rage gudu don kada ya ƙone. Ka ce wa ɗalibi "ta daskare saboda zafi", ai dariya zai yi.

Dattijo: Duk kun kewaye kalmar kuna kallonta. Suman tsaye. Ido biyu, ba motsi, kuma wanda ya suma yana farfaɗowa. Wace kalmar aro ce za ta ba ku wannan? Sannan Mai Darasi, mene ne "laftof"? Muna da na'ura mai ƙwaƙwalwa, sai ku riƙa kwaso Turanci kamar Hausa ta talauce.

Baban Ilham: Ranka ya daɗe, sa shi a jimla mu ji. "Idan manhaja ta yi suman tsaye, danna Ctrl, Shift da Esc." Takardar darasi ce ko wasan kwaikwayo? Ƙame kuma na juyuwa yadda ake so: ta ƙame, tana ƙamewa, abin da ya ƙamar da ita.

Dattijo: Haka aka yi wa kowace sabuwar kalma dariya kafin ta zauna. Larabawa sun ce hasub, Faransawa sun ƙi kalmar Ingilishi sun yi tasu. Mu ne kullum 'yan amshin shata.

Ɗan Damagaram: Baba, tasu ɗin ce muka ara a nan, ordinatar muke cewa. Aro dai aro ne. Mota da makaranta da alƙalami duk baƙi ne da suka zama 'yan gida.

Dattijo: Makaranta daga karatu take, yaro. Koma ka duba.

Maman Sadiq: Karatun ma daga Larabci ya zo, Baba. Don Allah mutum na da bugu gobe.

Injiniya: Mu koma glitch. Tangarɗa ta yi faɗi, har rashin intanet tangarɗa ne. Abin da ɗalibi zai gani shi ne: filin aiki ya yi baƙi ko ya zama dara-dara, hoto ya yage in an kusanto da shi, wani murabba'i ya ƙi sabuntawa, ko allon ya ɗauke ya dawo. Wannan na ƙarshen Windows ne da kansa: in katin hoto, wato ɓangaren da ke zana abin da ake gani a allo, ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, sai Windows ya sake tayar da direbansa, manhajar da ke tafiyar da katin. Gwajin kuwa guda ne. Ctrl da K, a shiga Performance, a cire alamar Use Graphics Processor, a rufe Photoshop a sake buɗewa. In abin ya ɓace, laifin kati ne ko direba, fayil ɗin lafiya lau. Sai a ɗauko sabon direba daga shafin NVIDIA, AMD ko Intel. Laftof mai kati biyu kuma, a je Settings, System, Display, Graphics a ɗora Photoshop kan High performance, don sau da yawa ƙaramin katin Intel ne ke ɗaukar kayan babba. In allo ya yi baƙi ya ƙi dawowa, a danna maɓallan Windows, Ctrl, Shift da B tare. In duk ba su yi ba, a riƙe Ctrl, Alt da Shift lokacin buɗe manhajar, a yarda ta goge saitunanta.

Dattijo: "Direba" kuma? Da kwandasta ko? Tafinta ya kamata, tunda shi ke fassara tsakanin Windows da kati.

Injiniya: Ma'anar ta yi daidai, Baba, ban ƙi ba. Amma yaron da zai je shagon gyara ya ce a sabunta masa tafinta, hannu rabbana zai dawo.

Maman Sadiq: Ɗaukewa da dawowa, ƙiftawa. Sauran kuma hargitsewar hoto. Tangarɗa ta zauna a kan babi: "Tangarɗar allo".

Baban Ilham: Ni har yanzu daskarewa ta fi mini daɗi a kunne, amma hujjar zafin nan ta kama ni.

Mai Darasi: Allah ya saka da alheri. Na ɗauki kalmomin nan: nawa, ƙamewa, rufe kai, ƙiftawa da hargitsewar hoto. Direba na nan yadda yake, da jimla ɗaya mai cewa kamar tafinta yake aiki. Scratch disk fa? Na sa "faifan aro" na wucin gadi.

Dattijo: A rubuta cewa ban yarda da ƙamewa ba. Faifan aron dai ba laifi.