Shawarwarin majalisa ga masu son neman mafaka a Turai

A majalisarmu ta Unguwar Rogo, Jos, an tafka muhawara kan neman mafaka a Turai.

Abin da aka fi nanatawa: talauci ba hujja ba ne. Yarjejeniyar 1951 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yan gudun hijira tana kare wanda ake tsananta wa saboda addini, ƙabila ko ra'ayin siyasa. Labarin da dillali ya ƙirƙira kuwa, yakan warware a gaban jami'an da ke yi wa mai neman mafaka tambayoyi.

Misali, ƙasar Suwidin ta samu masu neman mafaka kusan 163,000 a 2015, amma tun zaɓen 2022 ake kafa hujja da harbe-harben 'yan daba ana tsaurara doka. Dattawa suka ce wanda ya riga ya isa can ya sa ido kan 'ya'yansa, don har yara ƙanana 'yan daban ke ja. Wanda bai tafi ba, ya nemi bizar karatu ko ta aiki.