Wane gem zan zuba a sabon shagona na Samaru?

Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirin buɗe gidan gem a Samaru, kusa da ABU, da talabijin huɗu. An ce min GTA V da Minecraft ne suka fi kasuwa a duniya. Da su zan fara?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Maganar gaskiya ce, GTA V ya haura kwafi miliyan 200 tun fitowarsa a 2013, Minecraft kuma ya wuce miliyan 300. Amma waɗannan mutum yakan saya ne ya zauna da su a ɗakinsa. Kai kuwa lokaci kake sayarwa. Mai buga GTA zai riƙe maka na'ura awa guda shi kaɗai, alhali wasan ƙwallo na minti 15 mutum biyu ne ke zama, ka ga wasa huɗu ke nan a awa. Ka ba ƙwallo talabijin uku, na huɗun ka sa Mortal Kombat da GTA.

Hauwa'u: Ƙanina, ka kuma lura kusan rabin kuɗin gem na duniya daga waya yake fitowa. PUBG Mobile, Free Fire da Call of Duty Mobile kyauta ake sauke su, kamfanonin na samun kuɗinsu ne daga kayan da ake saya a cikin wasan. Ɗalibi ba zai biya ka don abin da ke aljihunsa ba. Abin da zai biya shi ne caji da intanet mai ƙarfi, don haka ka ware musu benci da soket.

Nura: Wajen sayen gem ɗin ƙwallo kada suna ya ruɗe ka. Tun 2023 FIFA ya koma EA Sports FC, PES kuma ya zama eFootball a 2021. Shi eFootball yawancinsa sai da intanet, shi ya sa PES 2021 a kan na'urar PlayStation 4 (PS4) ya fi dacewa da shago. PS5 na jan wuta kusan wat 200, wato kusan ninki biyu na PS4 Slim, sai ka yi lissafin janareta ko inbata da haka. Ka sa sitabilaiza. Sannan ƙurar hunturu na shiga sandar fad, wato abin da ake riƙewa a hannu a sarrafa gem, har ɗan wasan da ke cikin gem ya riƙa tafiya shi kaɗai, kuma tana toshe fankar na'ura ta yi zafi ta mutu. Ka ajiye fad biyu na ko-ta-kwana, ka riƙa rufe komai da ƙyalle in an tashi.

Sadiq: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Nura, PS4 ɗin na hannu zan nema ko sabo?