Neman aikin tuƙi a NetJets ko Flexjet da lasisin Najeriya: ta ina ake farawa?

Ɗan_Zariya:

Assalamu alaikum manyanmu. Tambaya ce a kan kamfanonin jiragen haɗin gwiwa na Amurka, irin su NetJets da Flexjet. Matuƙin da ya yi karatu a kwalejin Zariya, yana riƙe da lasisin kasuwanci na NCAA (hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Najeriya), awoyinsa sun kusa 1,500, mafi yawansu a kujerar mataimaki, me zai tanada kafin su saurare shi? In an ɗauke shi kuma, wane irin horo ake yi wa sabon shiga, a ina aka fi faɗuwa? Wasu na cewa awa 500 ma ta isa, wasu na cewa sai 1,500. A taimaka da bayani dalla-dalla.

Kyaftin_Dogo:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Duka maganganun biyu suna da tushe. Waɗannan kamfanoni suna aiki ne a ƙarƙashin sashe na 91K na dokokin FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, wanda ya fara aiki a 2003. Tsarin kamar watanda yake: a raba jirgi ɗaya tsakanin masu kuɗi, mai kashi ɗaya cikin 16 ya samu awa 50 a shekara, kamfani ya riƙe matuƙa da gyara da tsara tafiya. A wannan sashe, mafi ƙarancin da doka ta gindaya wa mataimaki shi ne awa 500 da lasisin kasuwanci da izinin tuƙi da na'urori. Kyaftin kuwa awa 1,500 da lasisin ATP, wato lasisin tuƙi mafi girma. Daga nan maganar 500 ta samo asali. Sai dai wannan ƙasan doka ne kawai. Manyan kamfanonin suna neman ATP ko cika sharuɗɗansa tun daga kujerar mataimaki, don haka ka ɗauki 1,500 a matsayin bakin ƙofa. Adadin da suke sa wa a tallar aiki yana hawa yana sauka gwargwadon ƙarancin matuƙa, ka duba shafinsu a ranar da za ka nema.

Amma kafin awoyi akwai katanga babba: izinin aiki a Amurka. Sai ɗan ƙasa ko mai girin kad ko wata takardar da ta halatta masa aiki. Kada kowa ya karɓi kuɗinka da sunan zai samo maka gurbi da biza. Reshen NetJets na Turai da ke Fotugal shi ma lasisin EASA (hukumar jiragen sama ta Tarayyar Turai) yake so da izinin aiki a Turai.

In wannan ta samu, sai lasisi. FAA ba ta musanya lasisin NCAA da ATP kai tsaye. Za ka tura buƙatar tantance lasisinka zuwa ofishinsu na Oklahoma, su tuntuɓi NCAA, su ba ka takardar tabbaci mai aiki na wata shida. A nan mutane ke ɓata lokaci: su karɓi takardar da wuri, ta mutu kafin ranar jarrabawa, a koma farko. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuma sai TSA, hukumar tsaron sufuri ta Amurka, ta bincike shi ta ɗauki zanen yatsunsa kafin wata makaranta ta sa shi a simileta, wato na'urar kwaikwayon tashi. Bayan haka kwas ɗin share fagen jarrabawar ATP, wato ATP-CTP: awa 30 a aji, awa 10 a na'urar kwaikwayon tashi, aƙalla shida daga ciki a babbar simileta mai motsi. Sai rubutacciyar jarrabawa, ana cin ta da maki 70 cikin 100, sannan ta tuƙi. An tsaurara wannan tsari ne bayan haɗarin jirgin Colgan kusa da Buffalo a Fabrairun 2009.

Sauran takardu: shaidar lafiya aji na ɗaya daga likitan da FAA ta amince da shi, mai aiki wata 12 ga wanda bai kai shekara 40 ba, wata shida ga wanda ya kai. Izinin rediyo na FCC, hukumar sadarwa ta Amurka. Fasfo mai rai da zai bar ka ka shiga Kanada da Meziko da tsibiran Karebiyan ba tare da wahala ba, domin ana zuwa can sosai.

Yar_Katsina:

Kyaftin ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Zan tsaya a kan littafin awoyi, don nan ne takardun namu suka fi samun cikas. Ƙanena, 1,500 jimilla ce kawai. A cikinta ana son awa 500 ta doguwar tafiya, 100 ta dare, 75 ta tuƙi da na'urori, 50 a jirgi mai inji fiye da ɗaya, da 250 a matsayin shugaban jirgi. Shekaru kuma 23.

Wannan 250 ita ce ke kama wanda ya fito makaranta ya wuce kujerar dama, ta mataimaki, kai tsaye. Doka ta yarda a lissafa lokacin da mataimaki ya yi aikin shugaba a ƙarƙashin kulawar kyaftin, amma dole ya fito fili a littafi, da sa hannu ko wasiƙar kamfanin da ka yi wa aiki. A cikin 250 ɗin kuma sai an samu 100 ta doguwar tafiya da 25 ta dare. Doguwar tafiya a lissafin ATP ita ce wadda ta wuce mil 50 na ruwa a miƙe daga inda aka tashi, don haka Kano zuwa Abuja ta shiga, zagayen fili a Zariya bai shiga ba. Dare kuma daga gushewar hasken magariba ake ƙirga shi, ba daga faɗuwar rana ba.

Ka zauna da biro da kalkuleta ka sake tara kowane shafi. Jimillar ƙasan shafi ta yi daidai da ta saman shafi na gaba, kuma ta yi daidai da abin da ka cike a fom. Bambancin awa biyu ko uku kan sa mai tambaya ya fara shakkar sauran. In ka ga kuskure, ja layi ɗaya a kai, rubuta daidai, sa hannu. Kada ka goge, kada ka shafa farin ruwa.

Abu na biyu, gaskiya. Akwai rumbun bayanan matuƙa na FAA da ake kira PRD, kamfani zai duba shi kafin ya ɗauke ka, jarrabawar da ka faɗi a tsarinsu tana ciki. Faɗuwa sau ɗaya ba ta hana aiki in ka faɗe ta da bakinka ka bayyana abin da ka gyara. Ɓoyewa ce ke hanawa, har ta kori mutum bayan ya fara. Haka fom ɗin lafiya: hawan jini da aka shawo kansa da magani ba ya hana shaida, iyakar da likita ke dubawa 155 bisa 95 ce, amma ƙarya a fom ɗin laifi ne a dokar tarayyar Amurka. Akwai kuma gwajin ƙwaya kafin fara aiki.

Malamin_Simileta:

Bari in ɗauki ɓangaren horo. Ana farawa da zaman sanin kamfani, NetJets a hedikwatarta da ke Columbus a jihar Ohio. A nan ake koyar da littafin ƙa'idojin aiki, iyakar awoyi da hutu, kayan haɗari, tsaro, kashe gobara, da yadda ake hulɗa da masu jirgi. Ba kai ke zaɓen jirgi yadda kake so ba, buƙatar kamfani da lambar shigarka ce ke yanke hukunci. Ana iya tura ka jirgin Phenom 300 ko Citation Latitude ko Challenger 350. Daga nan sai cibiyar horo, ga NetJets galibi FlightSafety, wadda su biyun duk mallakin Berkshire Hathaway ne.

Horon samfurin jirgi makonni kaɗan ne, kuma a matse yake. Kwanakin farko aji ne: lantarki, mai, haidirolik, matsin iska, injuna, na'urorin gaban matuƙi. Shawarata ɗaya ce tak a nan: ka haddace iyakokin jirgi da matakan gaggawa da ake yi da ka, ba tare da duba takarda ba, tun kafin ka isa. Wanda ya zo yana haddar su da daddare a otal, simileta za ta riske shi bai shirya ba. Wanda ya saba da Boeing ko ATR kuma zai sha aiki da allon Garmin na Phenom da Latitude, domin tsarin shigar da hanya daban ne, kuma kai a sunkuye kan allo a lokacin da bai dace ba shi ne kuskuren da malamai suka fi gani.

Zaman simileta kan ɗauki awa huɗu, matuƙa biyu su raba, da bayani kafin shiga da bayan fita. Ma'aunin jarrabawa na ATP ne: a juyi mai kwanciyar digiri 45, kada tsayi ya kauce fiye da ƙafa 100, gudu fiye da not 10 (mil 10 na ruwa a awa), alkibla fiye da digiri 10. A saukar ILS, wato sauka da jagorancin na'urar filin jirgi, kada allura ta wuce rubu'in ma'auni.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne mutuwar inji daidai gudun V1, wato gudun da in an wuce shi ba a fasa tashi. Jirgi na gudu a titi, abokin aiki ya kira V1, inji ɗaya ya ɗauke, hanci ya karkata zuwa gefen da ya mutu. Idonka ya tsaya a layin tsakiya can nesa, ƙafa ta danna feda a hankali har hanci ya miƙe, ka riƙe ta a nan, sannan ka ɗaga hanci sannu a hankali ka kama V2, gudun hawa lafiya da inji ɗaya. Masu faɗuwa ko dai su fizgi sanda da wuri kafin su miƙar da jirgi, ko su riƙa danna feda suna saki jirgi na lilo, ko hannu ya kai ga maɓalli kafin a kai tsayin da aka ƙayyade. Babu abin da ake kashewa sai matuƙan biyu sun tabbatar da wane inji ne.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: in a simileta kaɗai ka samu shaidar samfurin kuma ba ka da isasshen tarihin jet, za a rubuta maka takunkumi a lasisi, ba za ka shugabanci jirgin ba sai ka yi awa 25 ƙarƙashin kulawa. Ga mataimaki wannan ba damuwa ba ce. Bayan jarrabawa za ka yi tafiye-tafiyen farko da kyaftin mai horarwa har ya sa hannu. Daga nan kuma komawa simileta ba ta ƙarewa, aƙalla sau ɗaya a shekara, kyaftin kuma ana gwada tuƙinsa da na'urori duk wata shida.

Kyaftin_Dogo:

Malam, na yarda da kai a kan V1, amma a ganina abin da ya fi bai wa wanda ya fito daga jirgin fasinja mamaki yana bayan jarrabawa. A ƙananan jiragen nan babu ma'aikaciyar cikin jirgi. Matuƙa ne ke loda jakunkuna, su karɓi abinci su jera, su share kujeru, su duba bayi, su tarbi mai jirgi a bakin ƙofa. Shi ya sa rabin tambayoyin ganawa a kan hali ne: mai jirgi ya matsa sai an sauka garin Aspen yanayi kuma ya ƙi, me za ka ce masa? Aspen na tsakiyar duwatsu, tsayinta kusan ƙafa 7,800. Amsar da suke so ita ce ka ƙi cikin ladabi, ka kawo masa wani fili da mota ta ƙarasa da shi.

Lissafin sauka ma naka ne. Doka ta ce jirgi ya iya tsayawa cikin kashi 60 na tsawon titi, ko kashi 80 in kamfani na da amincewa ta musamman, a ƙara kashi 15 in titi ya jiƙe. Filayen kuma kullum sabbi ne, yau filin Teterboro mai cunkoso kusa da New York, gobe ƙaramin fili da ba shi da hasumiya, kai za ka riƙa sanar da kanka a rediyo. Jadawali na canzawa sau da yawa a yini ɗaya. Aikin yini kan kai awa 14, hutu mafi ƙaranci awa 10. Tsarin da aka fi sani kwana bakwai aiki, bakwai gida, kuma kamfani ne ke biya maka jirgin fasinja daga garin da kake zaune zuwa inda jirginka yake.

Ɗan_Zariya:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru matuƙa. Saura ɗaya: in mutum ya biya da kansa ya yi shaidar Phenom ko Citation kafin ya nema, zai taimaka?

Yar_Katsina:

Kada ka yi, ƙanena. Kamfani ne ke biyan wannan horo, kuma ko ka zo da shaidar sai sun sake sa ka a nasu tsarin, wataƙila ma a wani jirgi daban. Kuɗin ka kashe su a kan ATP-CTP da jarrabawar ATP. Ka fara da likita tun yanzu, domin in akwai abin da zai sa a tura fayil ɗinka Oklahoma, yana iya cin watanni, kuma gara ya ci su kafin takardar tabbacin lasisinka ta fara ƙirga nata wata shidan.