Me yasa tsofaffin hotunan fuska suke da kwarjini haka?

Mai_Kallo:
Salam jama'a, dan Allah masana hoto ku taimaka min. Jiya na ci karo da hoton Churchill, tsohon Firayim Ministan Birtaniya, ɗin nan baƙi da fari, wanda ya dafa kujera ya riƙe ƙugu ya haɗe rai kamar zai fito ya kama mutum, wallahi na fi minti goma ina kallo. Mu yanzu da waya sai ka ɗauki hoto hamsin a zama ɗaya amma ban taɓa ganin wanda ya riƙe ni haka ba. Wa ya ɗauka, kuma meye sirrin?

Tsohon_Fim:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Yousuf Karsh ne, a Ottawa ta Kanada, Disamba 1941, bayan Churchill ya gama jawabi a majalisa. Ya kunna ƙatuwar tabar nan tasa ya ƙi ajiyewa, shi kuma Karsh ya gama saita fitilunsa, kawai sai ya matso ya zare tabar daga bakinsa ya koma ya danna. To wannan hararar da ka gani ta gaske ce, fushin taba ne, amma duniya ta karanta ta a matsayin fuskar Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ne ma hoton da ke jikin takardar kuɗin Ingila ta fam 5 tun 2016.

Yar_Haske:
Malam Tsohon_Fim ya faɗi gaskiya amma ni fa Seydou Keïta na Bamako ya fi shiga raina. Ya buɗe situdiyo 1948, yawanci a tsakar gida yake aiki da hasken rana, labulen bayansa na farko ma zanen gadonsa ne, kuma saboda tsadar fim sau ɗaya tak yake danna wa mutum. Ka duba yadda yake kishingiɗar da mace, atamfarta mai zane, labulen ma mai zane, ka zata za su yi faɗa amma sai fuskar ta fito tar, yatsun hannu ma sai ya gyara musu zama. Yana ajiye rediyo da agogo da Vespa na aro, kowa ya zaɓi yadda yake so a riƙa tunawa da shi. Wannan ai mutunta mutum ne.

Abu_Sabir:
Kuma kar ka ɗauka kyan kyamara ne. Julia Margaret Cameron, wata mai ɗaukar hoto 'yar Birtaniya, tana da shekara 48 'yarta ta ba ta kyamara a 1863, hotunanta dishi-dishi suke don sai mutum ya daɗe zaune bai motsa ba, har masana lokacin suka yi ta kushe ta. Nemi wanda ta yi wa masanin kimiyya Darwin a 1868 ka kalli goshin nan da gemun.

Mai_Kallo:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Yanzu na buɗo na Keïta, akwai wata da ta jingina da rediyo, na kasa wucewa. Yar_Haske hasken tsakar gidan nan na safe ne ko na yamma ya fi? Ina so in gwada da mahaifiyata.