Neman kalma: me za a kira "stress" a shirin hawan jini?

Bilkisu: Assalamu alaikum. Gobe da safe za mu naɗi shirin rediyo na Ranar Hawan Jini ta Duniya, 17 ga Mayu. Zan taɓo binciken CARDIA da aka fara a Amurka a 1985 kan matasa 5,115 'yan shekara 18 zuwa 30, wanda ya nuna cewa waɗanda awon jininsu ya fi haurawa a lokacin "stress" sun fi kamuwa da hawan jini daga baya. Wace kalma ce ta dace?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Damuwa ce, ba ta buƙatar dogon nazari.

Dakta Rabi: Malam, damuwa ba ta ɗauke ma'anar duka ba. Cikin gwajin da aka yi wa matasan har da tsoma hannu a ruwan ƙanƙara, inda jijiyoyin jini ke tsukewa, awon ya haura nan take, alhali babu abin da ke damun mutumin a rai. Ni "matsi" nake faɗa wa marasa lafiya.

Malam Ɗanlami: Wanda ya ji matsi a rediyo, tsadar shinkafa zai tuna. Shekara uku ke nan ina ba da shawarar "tsukurai", daga tsukewa da rai, amma da yake ba daga jami'a ta fito ba, an yi kunnen uwar shegu da ita.

Isufu: Mu a Damagaram "tansiyo" muke cewa idan jini ya hau, tsohuwa ma ta gane. Sai kalma ta bi ta Kano ne take zama Hausa?

Malam Ɗanlami: Faransanci ne ka sa wa hula, ƙanena.

Dakta Rabi: Tansiyo sunan ciwon ne, Bilkisu kuwa abin da ke tayar da awon take nema. Tsukurai kuma ta sake maida mu ga rai, hannun da ke cikin ƙanƙara na nan yana jira.

Bilkisu: Na gode, iyayena. Zan ce "matsin jiki ko na zuciya" a farkon shirin, in kawo misalin ƙanƙarar, daga nan in ci gaba da "matsi" kawai.

Malam Ɗanlami: Kalma biyar a gurbin ɗaya. To, a yi hakan na gobe, amma ban janye tawa ba.