Zafi ko sanyi, wanne jikinku ya fi ɗauka?

Baban Yara, Kano
Assalamu alaikum jama'a. Gardama ce ta kaure a majalisarmu: wani ya rantse cewa duk duniya an fi son sanyi, wani ya ce in haka ne me ke kai Turawa bakin teku shan hantsi? Abin da na lura, duk wanda ka tambaya a Afrilu sanyi zai zaɓa, in kuwa ka tare shi wajen alwalar asuba a Janairu sai ya canza baki. Don Allah kowa ya faɗi garinsu da sana'arsa, da abin da jikinsa ya gaya masa.

Ɗan Sakkwato
Wa alaikumus salam, Baba. Ni ko a Janairun ka tambaye ni, ɗari zan ce. Wanda ya yi azumin 2024 a nan ba zai tsaya gardama ba. An ɗauki azumi 11 ga Maris aka kai shi cikin Afrilu, ma'aunin zafi kusan kullum sama da digiri 40. A kwanakin ne muka ji cewa garin Kayes na Mali ya kai 48.5, muka ce ashe da sauranmu. Ranar ma da sauƙi, dare ne abin tsoro. Bango ya sha rana ya ƙoshi, sai bayan isha'i ya fara amayar da ita, katifa ba ta kwantuwa, in an kawo wuta fanka iskar zafi take hurowa. Sai mu jiƙa zani mu lulluɓa a tsakar gida, kafin barci ya ɗauke ka ya bushe, ga fargabar kunama. Ƙanƙara kuwa sai an bi layi tun la'asar. Sanyi in ya matsa ka ƙara bargo. Zafi fa, in ka gama tuɓewa me ya rage ka cire?

Maman 'Yan Biyu, Zariya
Ɗan'uwa, ka yi magana irin ta mai lafiya. Ɗaya daga cikin yarana sikila gare shi, ɗayan kuma asma. Da na ga hazo ya sauko, leɓe ya fara tsagewa, gabana ke faɗuwa, don na san kwanan asibiti ya matso. Sanyi na taɓa mai sikilan ciwon ƙashi ke tashi, ƙura na shiga ƙirjin ɗayan sai numfashi ya gagara. Ga haɓo, ga mura da ba ta barin gida. Ku maza ba ku san abin da hunturu ke ci a gida ba: kowane wanka sai an dafa ruwa, gawayi ko gas na tafiya, ka share ɗaki da safe kafin azahar ƙura ta mayar da shi yadda yake, man kaɗe da basilin ba sa jimawa saboda kaushi da faso. A bar ni da bazara, in sha mangwaro in yi gumi.

Anti Nas, Katsina
Maman 'Yan Biyu, Allah ya ba su lafiya mai ɗorewa. Amma ki riƙa ɗura wa mai sikilan ruwa a bazara ma, ƙarancin ruwa a jiki shi ma yana tayar da ciwon. Mu a asibiti kowane lokaci da kalar marasa lafiyarsa. Sanƙarau da ƙyanda cikin rani suke tasowa, su tsananta daga Fabrairu zuwa Afrilu, musamman inda ake cunkushe a ɗaki ba taga. Manya ba su manta annobar sanƙarau ta 1996 ba. Tsofaffi masu hawan jini ma zafi na kayar da su. Lokacin ɗari kuma ƙuna muke karɓa: yaro ya faɗa ruwan zafin wanka, ko zani ya kama daga kaskon jin ɗumi. Don Allah kar a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, iskar da yake fitarwa ba ta da wari, cikin barci take kashewa. Ni dai sanyi na zaɓa, ko don aikin dare.

Manomin Kura
Mu nan roƙon sanyi muke yi. Alkama ba ta yi sai da ɗari. A Nuwamba ake so ta shiga ƙasa, in ka makara zafin Maris ya riske ta tana ɗaukar ido, sai ƙwayar ta motse, ka ga zangarniya ba nauyi. Tumatir ma haka, shi ya sa kuke samunsa da araha a hunturu, da zafi ya shigo fure ya dinga zubewa kwando ya yi tsada. Ban ruwa da sassafe cikin ruwan Tiga ba daɗi, ƙafa har ta daina jin taɓi, amma shekarar da ɗari ya yi gajarta mu ke kuka.

Mai Shayin Bakin Tasha
Allah ya ƙaro sanyi, Alhaji! Maƙwabcina mai fiya wota shi kuma ya yi ta tasa addu'ar.

Ɗalibi a Ingila
Baba, kafin in zo nan ina cikin masu cika baki da son sanyi. Na gida rana na fitowa yake sakin mutum, kafin hantsi an cire rigar sanyi. Nan a Disamba kafin ƙarfe huɗu an yi magariba, ka fita da duhu ka dawo da duhu, kuɗin ɗumama ɗaki kuma ya cinye na abinci. Rashin ranar ya fi sanyin ci mini rai. Su 'yan ƙasar in ka tambaye su zafi za su ce, da sun samu hutu sai Sifaniya. To amma a Yulin 2022 da ma'auni ya haura 40 karon farko a tarihin ƙasar, jiragen ƙasa sun tsaya, wasu makarantu sun sallami yara, don gidajensu an gina su ne su riƙe ɗumi. Abin da suke kira zafi suna so bai wuce 25 ba.

Malamin Allo, Maiduguri
Na karanta duka. Yawancin masu zaɓen sanyi suna da ɗaki mai ƙyaure da bargo. Almajiraina a zaure suke kwana, wasu rigar jikinsu ce mayafinsu. A bazara kowa ya samu gindin darbejiya ya tsira, dare ya yi a baza tabarma a waje. Amma ɗarin Janairu, in wutar karatu ta mutu sai ka ji yara na tari har asuba, wanka kuwa sai an yi da gaske, daga nan ƙazuwa ta samu wuri. Waɗanda rikici ya raba da gidajensu suna kwana a rumfar leda, su ma a tambaye su. Garinmu ba baya ba ne wajen zafi, kowa ya sani, duk da haka shi na zaɓa.

'Yar Jos
Gaskiya ne Malam, Allah ya rufa asiri. Mu tudunmu ya kai mita 1,200, ba mu san kwanan tsakar gida ba, gidaje da yawa ko fanka babu. Sai dai a Disamba ko ni da aka haifa a nan da safa nake kwana, kuma mutanen Gembu a Mambila sun ce namu wasa ne. Yaya na Sakkwato, ka taho ka yi Afrilu a wajenmu.

Ɗan Sakkwato
Ƙanwata, kar ki ga kamar wasa. Nawa ake ba da ɗaki ciki da falo na wata biyu, kuma akwai ruwa a unguwar?