Ɗakin Hajiya da zafin Afrilu: sola za ta iya ɗaukar iyakwandishan?

Ɗan Gusau:
Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta haura shekara 70, tana fama da hawan jini. Ɗakinta na bulo ne, rufin kwano, da rana kamar tanda. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na daina kunna mata janareta har asuba, aljihu ba zai ɗauka ba, ga hayaƙin yana sa ta tari. Fanka kuwa iska mai zafi kawai take kaɗawa. Ina son in sa mata iyakwandishan mai doki ɗaya a kan sola kafin bazara ta kama. Zai yiwu, ko asarar kuɗi zan yi?

Mai Haɗa Sola:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Zai yiwu, amma ka sayi iyakwandishan mai inbata, wato wanda ke rage jan wuta da kansa. Doki ɗaya yana jan wat 900 ko kusa da haka lokacin tashi, in ɗaki ya yi sanyi sai ya sauko. Da rana farantai huɗu masu wat 500 sun ishe shi. Dare ne ke cin kuɗi. Awa takwas za su sha wajen kilowat-awa 5, wato yunit 5 na mita, kuma batirin litiyam mai wannan girma ya fi na'urar kanta tsada. Ka duba iskar gas ɗin sanyayawa da ke cikinta ma, nau'in R32 ta fi R410A sauƙin illa ga yanayi, kusan ninki uku.

Goggon Yara:
Ɗana, kafin ka je kasuwa ka ɗaga kai ka kalli rufin nan. A soro na girma, katangar ƙasa mai kauri da rufin azara, ko da tsakar rana za ka kwanta ka yi barci. Muka rushe muka sa kwano, yanzu muna neman inji ya fitar da zafin da muka shigo da shi da hannunmu. A Ahmedabad ta Indiya farin fenti suke shafa wa rufin gidajen talakawa don ya mayar da hasken rana. Ka yi haka, ka sa sili mai kauri, ka yi rumfa a bangon yamma, don shi ne ke riƙe zafin la'asar ya sake shi da daddare.

Baƙon Manchester:
Mu nan a Ingila sanyi ne damuwarmu, yawancin gidaje da tukunyar gas ake ɗumama su. Yanzu gwamnati na ba da tallafin fam 7,500 ga wanda zai sauya ta da famfon zafi. Na yi mamaki da na gane iyakwandishan ne aka juya aikinsa: yana kwaso ɗumi daga waje ya shigar ciki, kilowat ɗaya na lantarki ya ba da ɗumin kilowat uku ko fiye. Ku kun fi mu sa'a, Malam. Lokacin da kuka fi buƙatar sanyi shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi. Mu a Disamba ƙarfe huɗu duhu ya yi.

Ɗan Gusau:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Goggo, ɗakin kuwa ba shi da sili ko kaɗan, kuma gadonta a jikin bangon yamma yake. Gobe zan kira kafinta, mu matsar da gadon. Batiri sai bayan na ga yadda ɗakin ya koma.